Inna Ta Sayi Mai Ƙafa Huɗu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da ɗaliban makarantar nan taki da kike juyawa kamar sojoji. Mu ma lafiya lau, sai dai lafiyar tamu da labari a bakinta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga hannun bakanike. Na ɗauki waya zan kira ki, sai na tuna tun da nake ba ki taɓa barina na kai ƙarshen magana ba, shi ya sa na rubuta na ba direban bas. Nemi kujera ki zauna tukuna.

Inna ta sayi babur.

Ba kuskuren alƙalami ba ne. Innarmu dai, wadda gwiwa ta hana ta taka matakalar baranda sai ta dafa bango, wadda kika gama yi wa fenti a ɗaki don ta koma wurinki ƙarshen wata. Kuma ba irin wanda nake kwancewa a gareji ba ne. Mai ƙafa huɗu ne, irin na shiga daji, ja jawur, tayoyinsa ɓul-ɓul masu haƙora, da wurin zaman mutum biyu har da majingini.

Ran Talata ina kwance ƙarƙashin babur ɗin wani, sai ga mai shayi a guje yana cewa, "Bakanike, tashi, an sauke wa tsohuwarku tarakta!" Na je da sifana a hannu. Abin da na fara lura da shi, a-kori-kurar Baba da ta shekara da shekaru a kan duwatsu, kaji na ƙwai a cikinta, babu ita, sai shatin inda ta zauna. Inna ta sayar, ta haɗa da abin da take ajiyewa na zuma. Ita kuma ga ta can tsakar gida a kan abin nan, ta zura tsohon wandon Baba ƙarƙashin zani, ta kifa hular kwano a kan ɗankwali. Wallahi Yaya sai da na riƙe ƙofa.

Na ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta ce, "Kai ne bakanike, ni za ka tambaya?"

Na ce, "To ina za ki da shi?"

Sai ta turo baki wajen tudu, inda amyoyin zuman Baba suke. Kin san tun da gwiwar ta tsananta ba ta sake hawa ba, 'yan haya ake turawa su buɗe, su kuma ɓarna suke yi. Ashe sati guda ke nan take cewa za ta gashin ƙashi asibiti, alhali filin dillalin da ya sayar mata take zuwa yana koya mata tuƙi. Kafin in rufe baki ta danna wani abu da babban yatsa, abin ya yi gurnani, ta zagaye bishiyar mangwaro sau biyu, kaji na tashi sama, maƙwabta sun jeru a kan katanga.

Ke ce babba, ki faɗi yadda za a yi. A gaida yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa, takardarka ta iso, na karanta ta a ofis, kuma sai da na sa aka kawo mini ruwa kafin na iya komawa aji.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba Inna ba ce, kai ne. Gida ɗaya kuke, garejinka yana bakin titi, amma a ce tsohuwa ta yi sati tana koyon tuƙi, an ja mota sukutum daga tsakar gida, kai kana ƙarƙashin babur ɗin wani. Kuma na lura da yadda ka rubuta labarin, kamar wanda ya dawo daga kallon wasa. Wannan ba abin dariya ba ne. Macen da ta haura saba'in, wadda likita ya ce ƙashinta ya yi laushi, idan abin nan ya kife da ita a daji, wa zai ji kukanta?

Ga abin da za ka yi, ba kuma shawara nake ba ka ba. Ka ɗauke makullin yau ɗin nan. Ka tura abin zuwa garejinka ka sa kwaɗo, ko ka mayar wa dillalin da ya rasa wanda zai sayar wa sai kakar mutane. Rigakafi ya fi magani.

Maganar komawarta wurina tana nan daram. Mun zauna ni da kai mun yanke, ita ma ta ce to. Ɗakinta a ƙasa yake, babu matakala, asibiti yana bayan gida, na sa an kafa mata ƙarfen dafawa a banɗaki. Zuma kuma a kanti ma ana sayarwa.

Sannan ina roƙonka, kada ka sake rubuta mini zancen tudun nan. Ka san dalili.

Ka gaida Inna da kyau, amma kada ka nuna mata wannan takardar.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na bi umarninki, ga kuma sakamako.

Na ɗauke makullin na jefa cikin gwangwanin kusoshi a gareji. Washegari da safe ina wanke baki sai na ji gurnani a tsakar gida. Ashe guda biyu ake bayarwa, ɗayan yana wuyanta a jikin zare. Ta dube ni ta cikin gilashin hular ta ce, "Na haifi ɓarawo ban sani ba. Ko dai babbar ɓarauniyar ce ta aiko ka?" Takardarki ban nuna mata ba, amma kin san Inna, ƙamshinki kawai take ji.

Na tare ƙofa na ce ba inda za ta ita kaɗai. Ta ce ai ba ta ce ita kaɗai za ta ba, ga wuri a baya. Yaya, na hau. Me zan yi, in kama uwata da kokawa?

Kin ce kada in yi zancen tudu, ki yi haƙuri, babu yadda zan ba da labarin nan in tsallake shi. Daga bayan maƙera muka bar kwalta muka kama hanyar shanu. Tun ban da gemu nake kan babur, amma ban taɓa shan jijjiga irin ta ranar ba. Gargada, saiwoyi, duwatsu kamar kawunan jarirai, abin nan yana taka su yana wucewa. Da muka zo rafi na ce, "Inna, tsaya in sauka in duba zurfi." Ta ce, "Na haye rafin nan da cikinka, ɗaga ƙafarka kawai." Ta afka. Ruwa ya tashi ta gefe biyu, laka ta wanke mini fuska, ni ina salati ita tana dariya. Dariya fa, Yaya, irin mai ƙyaƙyatawa. Rabon da in ji ta tun Baba na da rai.

Kuma ba hauka take yi ba, wannan ne ya ƙara ɗaure mini kai. In hanya ta karkace sai ta kwantar da jikinta wajen tudu, ta ce ni ma in yi haka. In za a gangara ba ta taɓa totur. Duk abin da dillalin ya ce mata ta haddace kamar karatu, tana tafe tana maimaitawa: "Ba a sauke ƙafa, ba a sauke ƙafa." Wai in ka sauke, tayar baya tana nan tafe tana jiranka.

A gindin bishiyar da kika sani ta rage gudu, sannan ta wuce. Da muka kai sama ta sauka da sandarta, ta bi amyoyin ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa tana kasa kunne. Biyu ƙudan sun gudu sun bar su, tururuwa ta cinye ɗaya. Ta zauna a kan dutse tana zagin 'yan haya, hawaye na zuba. Daga nan ta share fuska, ta hura hayaƙi, ta kama aiki. Matar da a gida sai an miƙo mata buta, ita ce ta wuni a tsaye. Da yamma kuma ta cinye abincinta tas har ta nemi ƙari.

Ban ce kin yi kuskure ba. Abin da idona ya gani na faɗa. Duk da haka zan ɗauke abin kamar yadda kika ce. Inna ta yarda, da sharaɗin a fara kai ta ta sauko da galan-galan ɗin da ta cika ta bari a can. Wannan karon ni zan tuƙa, in nuna mata yadda gwanaye ke yi.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yinsa. Na san labari ya riga ya iso miki cewa an kai wani daga gidanmu asibiti, kuma na san wadda kika zata. Inna lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ni ne a gado, ƙafar hagu a rataye cikin filasta.

Ga yadda aka yi. Na karɓi tuƙi, Inna a baya. Tun a ƙofar gida na fara jin kunya, ina ta murɗa hannu ina neman totur, na manta da babban yatsa ake dannawa. Inna ta ce, "Auta, ka dai tuna, ba a sauke ƙafa." Na ce, "Haba Inna, wa kike koya wa babur? Rabin baburan garin nan ni na haɗa su." Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Hawa lafiya lau. Muka ɗaure galan-galan a kariyar ɗaukar kaya muka juyo. A kwanar da ke saman rafi ƙasa ta karkata, abin ya ɗan kwanta hagu. Ba wani kwanciya ba ce, da na jingina jikina dama shi ke nan. Amma ƙafar nan tawa, wadda ta saba tokare ƙasa duk lokacin da babur ya karkata, ba ta nemi shawarata ba. Kafin in ankara ta sauka. Tayar baya ta bi ta kanta. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Sabo turken wawa, yau na san ma'anarsa.

Ina ihu, yatsana kuma ya ƙame a kan totur. Inna ce ta miƙo hannu ta kafaɗata ta danna jan maɓalli, injin ya mutu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati mai ƙarfi ba. Ta kwance ɗankwalinta, ta ɗaure mini ƙafar da sandarta, ta ce, "Ba zan iya ɗaga ka ba, na daina tun kana shekara uku. Ja jikinka ka hau baya." Na ja jiki na hau. Ta sauko da ni a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ta haye rafi, ta hau kwalta.

Abin da ya fi karayar ciwo, hanyar asibiti ta gaban garejina ta bi. Abokan aikina duk suna waje. Suka ga uwata da hular kwano tana tuƙi, ni a baya na rungume ta ina nishi, zuma na bin bayanmu. Mai shayi har ya saki kofi. Ban san da wace fuska zan koma bakin titin nan ba.

An yi hoto, ƙashi biyu ne suka tsage, likita ya ce zan taka in sha Allah. Na san na miƙa miki sanda da hannuna, za ki ce ga abin da kike gudu. Amma tsakani da Allah, laifin ƙafata ne. Inna ba ta taɓa hawa mai ƙafa biyu ba, babu abin da za ta manta. Kuma da ba ta iya tuƙin nan ba, da har yanzu ina kwance saman rafi.

Ƙaninki mai jinya,
Auta

*

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, ina gaishe ki da girmamawa, ina yi miki sannu da jinya, da fatan Allah ya ba Auta lafiya, ya ƙara miki nisan kwana.

Ban taɓa rubuto miki takarda ba, amma na san in na kira, muryata za ta yi rawa, ke kuma ki mayar da abin wasa. Inna, ƙarfen da ya karya saurayi mai ƙarfi, wanda babur ne sana'arsa, me zai yi wa ƙashinki? Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa. Ba zan jira ƙarshen wata ba. Ran Asabar zan zo da mota, ki haɗa kayanki.

Na san kina ganin na cika iko. Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da Baba ya hau tudun nan bai dawo cin abinci ba, ni kika aika. Ni na hau ina kiransa, ni na same shi a gindin bishiya, jikinsa ya riga ya yi sanyi, babu kowa kusa da shi sai ƙudan zuma. Na sauko da gudu ban san inda takalmana suka faɗi ba. Tun ranar ban sake kallon wajen ba, in na zo gida labulen tagar can nake fara ja. Da aka ce mini an kai wani daga gidanmu asibiti, a gaban ɗalibai na durƙushe.

Tsoro nake ji, Inna. Ba zan iya sake hawa tudun nan neman wani nawa ba. Ki taimake ni ki dawo inda idona zai riƙa ganinki.

'Yarki mai biyayya

*

Zuwa ga Babbar 'yata,

Na amsa sallamarki. Ina gaida mijinki da jikokina. Ɗan'uwanki yana samun sauƙi, bakinsa dai ko kaɗan bai karye ba.

Na karanta takardarki sau da yawa, da tabarau da babu tabarau. Na yi kuka. Ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan, ni ina ganin kina jan labule ina cewa hasken rana ne ba kya so. Ki yafe mini da na aike ki ranar. Da na sani da ni na hau.

Amma ki saurare ni. Tudu bai kashe babanku ba. Likita ya ce zuciya ce, da a kan gado yake ma za ta tsaya. Ke da bakinki kika gaya mini kin same shi a jingine, hularsa a kan gwiwa, yatsunsa da danƙon zuma. Ke kin riƙe sanyin jikinsa, ni kuma danƙon nan na riƙe. Mutumin ya ci abin da ya fi so, a wurin da ya fi so, ya jingina ya tafi. Ni ban san wanda ya fi shi dace ba.

Ranar da kuka zaunar da ni na ce to, don na ga kun gaji ne. Kin san yadda nake wuni kafin in sayi abin nan? Daga gado zuwa baranda, daga baranda zuwa gado, ina ƙirga motocin da ke wucewa. Abinci ba ya mini daɗi. Kuna cewa Inna tana hutawa, ni kuwa na san lallaɓawa nake ina tafiya. Ɗakinki mai fenti na gode, Allah ya yi miki albarka, amma baranda ce dai wata, mai ƙarfen dafawa. Abin nan ja da kike zagi, gwiwoyina ne aka mayar mini.

Ban ce ba ya kisa ba. Zuma ma da zaƙi da harbi take.

Ki zo ran Asabar ɗin. Ga abin da nake roƙo, ni da na haife ki. Ki hau bayana sau ɗaya mu je can tare, ba neman kowa za ki ba, ni ce zan kai ki in dawo da ke. In mun sauko kika dube ni kika ce Inna haɗa kaya, wallahi zan haɗa, in cire makullin daga wuyana in sa miki a hannu, ba kuma za ki sake jin maganar a bakina ba.

Ki taho da wando, kada ki zo mini da takalman ofis.

Innarku

*

Auta,

Gaisuwa, da fatan ƙafa tana sauƙi. Na iso gida lafiya, ni kaɗai. A kujerar da na jera wa Inna matasai galan ɗin zuma ne ya zauna, na ɗaure shi da bel.

Na hau. Muryata ta dishe don ihu, kuma kada in ji wannan a bakin mai shayi. A gindin bishiyar ta kashe injin, muka zauna. Ashe wurin da inuwa, har ana hango rufin gidanmu. Ban taɓa sani ba.

Da muka sauko ta cire zaren daga wuyanta ta miƙo mini. Na riƙe shi ya ɗan jima a hannuna, sannan na mayar mata da kaina.

Ɗakin yana nan, ban fasa ba, ban kuma sa rana ba. Ta yi alkawarin waya a aljihu duk lokacin da za ta hau. In ka taka, ka duba mata birkin baya, na ji yana ƙara. Sannan ka samo hular kwano daidai kaina, wadda ta ara mini ta yi mini yawa. Ina nan zuwa hutun makaranta.

Yayarka